Nauyin Safiya

Da hantsi Aminu ya shigo lungun surukansa a bayan Ƙofar Wambai, jakar kwamfuta rataye a kafaɗa, sabon bahon roba a hammata, wayoyi ja da baƙi suna leƙowa daga aljihun rigarsa. Ya yi sallama a bakin soro, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gaida Alhaji Umar, mahaifin matarsa, wanda ya riga ya sa hula zai fita kasuwa. Tsohon ya amsa gaisuwar a tsanake. Ya dubi bahon, ya dubi wayoyin, sannan ya koma ya zauna a kan buzunsa, don ya ga alamar maganar ba ta tsaye ba ce.

Sana'ar Aminu awo ce, amma awon manyan kaya. Kamfanin da yake wa aiki yana kafa sikelin da manyan motoci ke hawa a kasuwar hatsi ta Dawanau, shi kuma shi ne mai saitawa. Yakan zo da kwamfutarsa, ya jona ta da ƙarafan da ke ƙarƙashin dakalin, ya yi ta gyara har sai tirela mai tan talatin na riɗi ta nuna tan talatin. A wannan aiki kilo biyu ba abin magana ba ne, taɓon da ke jikin taya ma ya fi haka. Yau kuwa abin da ya kawo shi gaba ɗayansa da ƙyar ya wuce kilo biyu.

'Yarsa ta fari ta zo duniya tun cikin bai cika wata takwas ba. Ta daɗe a kwalba a asibiti, yana leƙenta ta gilashi, har ranar suna ma a can ta same ta, aka raɗa mata Safiya. Da aka sallame su, matarsa Shamsiyya ta wuce gidan iyayenta wanka, kamar yadda ake yi a haihuwar fari. Nas ɗin da ta kula da su ta ja musu kunne sosai: nono zalla, ko ɗigon ruwa kada a ba ta, domin cikin irin wannan jaririya ba ya ɗaukar wani abu.

Mai kula da jegon ita ce 'Yardada, ƙanwar Alhaji Umar, wadda ta riƙe Shamsiyya tun rasuwar mahaifiyarta. Ita ke hura wutar ruwan wanka, ita ke dama kunun kanwa, ita ke kwana da jaririyar a ƙirji. Da suka kai Safiya awo asibitin unguwa, hannun sikelin ya tsaya daidai inda ya tsaya a zuwan da ya wuce. An ce musu su dawo wani makon, wannan sikelin ba ya ganin ƙaramin ƙari. Da suka dawo gida 'Yardada ta sa Shamsiyya ta tatsi nono a ludayi, ta kamo kiyashi ta jefa a ciki, ta tsaya a kansa tana kallo. Kiyashin bai fito ba. Nan take ta yanke hukunci: nonon ba shi da kyau, a janye yarinya daga gare shi, a ba ta na akuya, uwar kuma ta sha saiwa har ya wanke. Kafin la'asar an ɗaure akuyar maƙwabta a tsakar gida.

Ba mugunta ba ce, kuma Aminu ya san haka. Ɗan 'Yardada na fari a cinyarta ya rasu tana ba shi nono, daga baya tsofaffin lokacin suka ce mata nonon ne. Tun daga nan ba ta sake haihuwa ba.

Shamsiyya ta kira Aminu a waya tana kuka ƙasa-ƙasa. Ta ce ita kanta yanzu ba ta san wa za ta bi ba. Yarinya tana kamawa, tana tsotsa, sai barci ya ɗauke ta, ita kuwa ba ta ganin abin da ke shiga. Wannan kalmar ce ta tsaya masa a rai. Ya nemi nas ɗin ya tambaye ta ko akwai hanyar gani, ta ce akwai. A manyan asibitoci ana auna jariri kafin ya sha, a sake auna shi bayan ya sha, abin da ya ƙaru shi ne nonon. Sai dai ana bukatar sikeli mai ganin giram, wanda kuma motsin jariri ba ya ruɗa shi.

Abin da ya shimfiɗa wa surukinsa ke nan, kansa a sunkuye, yana kauce wa ambaton sunan yarinyar saboda kunyar 'yar fari. Ya roƙi a ɗan jinkirta maganar akuya, a kuma ba shi aron soro. Alhaji Umar ya shiga cikin gida. Aminu yana jiyo muryar 'Yardada tana hawa tana sauka, ta tsohon kuwa ba ta canja ba. Da ya fito ya ce ta yarda zuwa Juma'a, amma akuya tana nan a ɗaure.

Aminu ya baje kayansa a kan tabarma. Ya sayo sikelin 'yan tireda a Wambai, ya kwance shi, ya zare ɗan ƙarfen da ke cikinsa, wanda tsawonsa bai wuce tafin hannu ba. Ya ɗaure shi da noti tsakanin katako biyu, ya kafa bahon a sama, ya ja wayoyi huɗu zuwa wani ɗan baƙin akwati na wurin aikinsa, daga nan zuwa kwamfuta. Alhaji Umar, wanda ya fasa fita, ya tambayi amfanin kowanne. Aminu ya yi masa bayani cewa ƙarfen nan idan an ɗora masa nauyi yana lanƙwasawa, lanƙwasar da ido ba ya gani, sai siraran wayoyin da ke manne a jikinsa su fitar da 'yar wuta ƙarama ƙwarai. Kwamfuta ba za ta ji ta ba sai an ninka ta, kuma akwatin shi ne mai ninkawa.

"Kamar amfilifayar masallaci ke nan," in ji tsohon.

"Ita ce, Baba, sunansu ma ɗaya. In an rage ta da yawa, sahun baya ba ya jin liman. In an ƙure ta, sai ƙara ta cika kunne, ba a gane abin da yake karantawa. Neman tsakiyar shi ne aikin."

Sai dai aikin ba ya yiwuwa sai da nauyin da aka tabbatar da shi, kuma mafi ƙanƙantar dutsen awo a kamfaninsu kilo ashirin ne. Da ya faɗi haka, Alhaji Umar ya miƙe, ya sa takalmi ya fita. Turare yake sayarwa a Kurmi, a rumfar da kakansa ya kafa da ya zo daga Borno, kuma miski da itacen turare ba a auna su da kintace. Bai jima ba ya dawo rungume da akwatin katako mai ƙamshi. A ciki duwatsun sikeli ne na tagulla, kowanne a raminsa, daga mai kilo ɗaya har zuwa mai giram ɗaya, wanda sai da hantsaki ake ɗaukarsa. Ya ce bara aka kai su aka gwada, ba wanda ya ci ko ya rage.

Aminu ya buɗe manhajar awon, ya fara da ƙaramin ninki. Ya jera kilo biyu a baho, lamba ta hau allo. Ya ɗora giram goma a kai, ba ta ko gezau ba. Ya ƙara ninkin, ta ɗan motsa, amma motsin ya ɓace cikin rawar da take yi da kanta. Sai ya kwashe duwatsun ya ƙure ninkin har ƙarshe. A nan abin ya ba da sha'awa, domin ko hura bahon ya yi da baki sai layin da ke allo ya yi tsalle, har tsohon ya yi dariya ya hura shi ma. Amma da aka mayar da kilo biyu, lambar ta haura ta bugi rufi ta tsaya cik. A ƙara dutse, a rage dutse, duk ɗaya. Ya sauko mataki ɗaya, har yanzu tana kusa da rufin, ba wurin da yarinya za ta girma. Ya sake saukowa. A nan ne kilo biyu ya zauna a tsakiya, da sarari a samansa, giram ɗaya kuma idan aka ɗora sai layin ya ɗaga a fili.

Saura koyar da manhajar, don lambobin da akwatin ke aikowa tsirara suke, ba su san giram ba. Ya shimfiɗa tawul a baho ya ce mata wannan shi ne sifili. Ya jera kilo biyu ya ce mata wannan shi ne dubu biyu. Daga waɗannan biyun ta ja layinta. Ya gwada ta da abin da bai koya mata ba: kilo ɗaya, rabin kilo, kilo biyu da giram bakwai. Duk ta faɗa daidai, in ta kauce ma da giram ɗaya ne. Duk sanda ya taɓa ninkin kuwa sai ya sake wannan koyarwa daga farko, abin da ya sa azahar ta same su a kai.

Bayan salla Alhaji Umar ya kawo maganar da Aminu ke tunani: dutse ba ya motsi, jariri kuwa yana yi. Aminu ya ce ya saita manhajar ta riƙa tara awo masu yawa cikin ɗan lokaci ta fitar da tsaka-tsakinsu, amma bai gwada da abu mai rai ba. Tsohon ya naɗe hannun riga ya shiga gida. Aka ji kuka da fiffika, aka ji 'Yardada tana tambayar abin da kazarta ta yi, sai ga shi ya fito da ita a hannu, hularsa a karkace. Suka ɗaure mata ƙafa suka sa ta a baho. Ta yi ta bori, layin yana hawa yana sauka, amma lambar da manhajar ta fitar a ƙarshe ɗaya ce a kowane gwaji. Alhaji Umar ya daɗe yana kallon allon, sannan ya dubi surukin nasa kamar yau ya fara ganinsa.

Washegari da safe aka mayar da kayan zuwa soron ciki, inda mata ke iya fitowa. 'Yardada ta fito da Safiya a naɗe cikin zani, ta koma ta ɗauko kaskon gawayi ta ajiye a gefen katakon, don kada sanyi ya kama yarinya. Ta kwantar da ita a baho da hannunta. Aminu ya ga 'yar fuskar, ya yi sauri ya mayar da ido kan allo. Giram dubu biyu da arba'in. Ya roƙi kada a canja mata komai, ko hula, sannan aka shiga da ita wurin uwarta.

An daɗe kafin a dawo, don Safiya ba ta sha da sauri. Aka sake kwantar da ita. Lambar ta yi rawa ta tsaya: dubu biyu da ashirin da biyar.

Alhaji Umar ne ya karanta a fili, muryarsa ta sauka a ƙarshen. 'Yardada ba ta iya karatun boko ba, amma ta san arba'in ya fi ashirin da biyar. Ba ta yi murna ba. Ta ɗauki yarinyar ta rungume ta a ƙirji.

"Malam Aminu, ka gani da idonka, kuma da abinka. Ba ƙaruwa take yi ba, zuƙe ta yake yi."

A bayan labulen ƙofa ya ji takun ƙafa yana komawa ciki a hankali, ya san na matarsa ne. Abu mafi sauƙi shi ne ya ce na'ura ta lalace, amma bai san haka ba tukuna, kuma bai saba faɗin abin da bai sani ba a kan awo. Ya jawo akwatin tagulla ya jera kilo biyu a baho. Allo ya nuna dubu ɗaya da ɗari tara da sittin. Ya zura hannu ƙarƙashin katakon ya taɓa ƙarfen. Gefen da ke fuskantar kasko da ɗumi, ɗayan gefen da sanyi.

Ya yi musu bayani cewa zafin gawayi ya buɗa ƙarfen ta gefe ɗaya, sifilin ya zame, shi ya sa komai yake nuna ƙasa da nauyinsa. Alhaji Umar ya yi lissafi da sauri, ya matso ya ce masa a hankali ai shi ke nan, in an mayar da arba'in ɗin da ya ɓata, yarinya ta sha ashirin da biyar, a faɗa wa 'Yardada haka a huta. Aminu ya girgiza kai. Ya ce bai san yaushe zamewar ta fara ba, wataƙila tun awon farko, don haka wannan lissafin kintace ne, kuma ba zai ɗora ran yarinya a kan kintace ba. Awon ya ɓaci, sai an sake.

'Yardada ta ce abin da ɗumin gawayi ke sa shi ƙarya, da wane dalili za ta yarda da shi gobe in ya faɗi abin da mai shi ke so?

Tambayar ta yi masa daidai, don ita ce irin wadda shi ma zai yi. Ya matsar da kaskon can kusurwa, ya sa aka rufe ƙofar waje don ɗakin ya yi ɗumi gaba ɗaya, ya jira har lambar ta daina tafiya. Ya sake koya wa manhajar sifili da dubu biyu. Sannan ya juya wa bahon baya, ya ɗora kwamfutar a cinya yana fuskantar bango.

"Gwaggo, ga duwatsu nan a gabanki. Ki ɗora wanda kika ga dama, ki cire wanda kika ga dama. Ni zan faɗa miki, Baba ya zama shaida."

Ta miƙa yarinyar ciki, ta dawo ta durƙusa. Ta ɗora wani, ya ce giram hamsin. Ta ƙara biyu ƙanana, ya ce hamsin da bakwai. Ta cire babba ta sa wani, ya faɗa. Alhaji Umar yana duba rubutun jikin tagullar yana gyaɗa kai. Can ta ƙwanƙwasa dutse a ƙasa yadda zai ji ƙara, ta ce to yanzu fa? Ya ce ba ta ɗora komai ba. Daga nan ta zare zoben azurfarta ta ajiye a hankali kamar mai ajiye ƙwai. Ya ce an ƙara giram huɗu, amma ba ya jin akwai dutse mai huɗu a akwatin. Tsohon ya fashe da dariya. 'Yardada ta mayar da zobenta, ta miƙe tana kakkaɓe zani, ta ce idan yarinya ta farka za ta kawo ta.

Wajen azahar aka sake. Kafin a sa Safiya ya gwada kilo biyu, ya nuna dubu biyu cif. Aka kwantar da ita: dubu biyu da talatin da takwas. Aka shiga da ita. Aminu ya zauna hannuwansa a kan gwiwa yana kallon layin bahon da ba kowa, yana kwance a kan sifili ba ya motsi. Alhaji Umar yana jan carbi. A tsakar gida akuya tana kuka.

Wannan karon Shamsiyya ce ta fito da ita da kanta, lulluɓe da mayafi, idanunta a kumbure. Ba ta dubi kowa ba. Ta kwantar da 'yarta, ta zagayo ta tsaya a bayan mijinta don ta gani da idonta. Lambar ta yi rawa, ta yi rawa, ta tsaya. Ita ce ta karanta.

"Dubu biyu da sittin da huɗu."

Aminu bai yarda kowa ya yi magana ba sai da aka ɗauke yarinyar ya mayar da duwatsun. Dubu biyu. Sai a lokacin ya ce giram ashirin da shida ta sha.

'Yardada ta tambayi mene ne kuma ashirin da shida. Alhaji Umar ya zaro mai ashirin, da mai biyar, da ɗan ƙaramin nan da hantsaki, ya buɗe tafin ƙanwarsa ya zuba mata. Ta jinjina su, ta taɓe baki, ta ce wannan ɗan abin ne zai raya mutum? Aminu ya kira nas ɗin ya buɗe muryar waya kowa ya ji. Ta tambayi nauyin yarinyar, ta ce ga mai wannan nauyi abin ya kusa kaiwa yadda ake so, cikinta bai fi ƙwan kaza ba. A riƙa tashinta tana sha akai-akai, in barci ya ɗauke ta a shafa tafin ƙafarta, a kuma ba ta kowane gefe. Ta ce a ci gaba da awon kullum, kada kuma a fasa zuwa asibiti.

Shamsiyya ta kama hannun gwaggonta, ta rufe shi a kan duwatsun da nata hannun.

"Gwaggo, daga jikina ya fito. Ki bar ni in ci gaba."

Tsohuwar ta daɗe tana kallon hannayen nasu. Abin da ta tuna a lokacin ba ta faɗa wa kowa ba. Ta share ido da gefen mayafi ta ce a ƙara mako guda a gani, amma ita za ta riƙa tashin mai jego, don ta san nauyin barcinta tun tana yarinya.

Daga ranar soron ciki ya zama wurin awo. Kowace safiya kafin ya wuce Dawanau Aminu yakan biyo, ya gwada duwatsu, a kwantar da Safiya. Shamsiyya ta koyi komai, har ta kan riga shi lura idan sifili ya zame. Wata rana yarinya ta ƙaru da giram ashirin, wata rana da talatin, wata rana ba komai, ranar gidan ya yini shiru. Amma layin da manhajar ke zanawa yana hawa, a hankali kamar mai hawa Dala. Mako ya wuce ba wanda ya tayar da maganar wa'adi. Akuya ta ƙara kwanaki a ɗaure, Alhaji Umar yana shan nononta a fura, har masu ita suka aiko aka mayar musu. Da aka koma asibitin unguwa, hannun sikelinsu ya matsa yadda kowa ya gani.

Matan da ke zuwa barka suna ratsawa ta soron ciki, sukan tsaya su tambayi wannan baho mai wayoyi. Aminu ya sha jin amsar 'Yardada daga waje. Takan ce kunun kanwarta ne ya kawo nonon, da tashin da take wa mai jego, wannan ba shakka. Sannan ta ƙara da cewa abin kuma surukinsu ne ya haɗa shi da hannunsa, mutumin da tireloli ke layi a Dawanau sai ya ce nauyinsu kaza kafin su wuce, kuma ita da kanta ta gwada abin da zobenta ba ta kama shi da ƙarya ba. A Kurmi kuwa ba rumfar da Alhaji Umar bai kai labarin ba, kodayake a bakinsa duwatsun tagullar ne suka yi rabin aikin. Aminu yakan sunkuyar da kai in an yi maganar a gabansa. Amma a kan babur, a hanyar Dawanau, yakan tsinci kansa yana murmushi shi kaɗai. Ya saita sikeli da yawa a rayuwarsa, wasu a gaban manyan 'yan kasuwa, ba wanda yake tunawa da shi kamar wannan na katako biyu da bahon roba.

Ana gab da arba'in wutar unguwar ta lalace, aka yi kwanaki ba ta dawo ba. Wata safiya ya buɗe kwamfutar ta ƙi tashi, batirin ya ƙare ƙaf. Yana ta danne-danne 'Yardada ta fito da Safiya a kafaɗa, ɗaya hannun riƙe da butar ruwan zafi. Ya ba ta haƙuri, ya ce yau ba awo sai ya kai an yi caji. Ta tsaya ta dube shi. Daga cikin gida aka kira ta, ruwan wanka yana tafasa.

"To riƙe min ita," ta ce. "Ka auna ta da hannu, angon ƙarni."

Kafin ya ankara ta ɗora masa ita a ƙirji ta shige.

Bai taɓa ɗaukar ta ba. A asibiti gilashi ya raba su, a nan kuma gidan surukai ne, kuma 'yar fari ce. Ya san nauyinta na kowace safiya har zuwa giram, amma bai san yawancinsa a kai yake ba, sai da ya ji kan yana neman zamewa ya tare shi da tafinsa. Bai san tana da ɗumi haka ba. Tana ƙamshin turaren wuta da nono. Ta buɗe ido ta dubi wani wuri kusa da kunnensa, ta yi hamma, ta kama maɓallin rigarsa.

Ya ji gyaran murya a soron waje. Alhaji Umar ne ya dawo ɗaukar wani abu da ya manta. Aminu ya duba bahon, yana nan kusa, taku ɗaya ne ya kwantar da ita ya koma gefe kamar ba ruwansa. Bai motsa ba. Tsohon ya shigo, ya gan su, nan da nan ya mayar da idonsa kan bango, ya wuce ta gefensu yana tambayar cikin gida ko an ga makullin rumfa. Sai da ya kai bakin labule ya ɗan tsaya, bai juyo ba.

"Nawa ta kai yau?"

"Ban sani ba, Baba," in ji Aminu. Ya gyara mata kwanciya a hannunsa. "Amma ta yi nauyi."